Ana Maganin Maye da Abin da ke Gusar da Hankali? Tambaya Daga Ƙasar Adar

  

Duk wanda ya san Tawa da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Barmu da Afala da Takanamat da Kalfu, ya san cewa da zarar an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, sai samari su fara ɗaure kaya. Wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya da Aljeriya, kuma tun daga 2014 wasu suka ƙara da ramukan zinariya na Jado. Tafiya biɗa tsohon abu ce a Adar, ita ta gina gidaje da yawa, ita ta yi aure da yawa. Abin da yake sabo shi ne 'yar ƙwayar da ta shiga aljihun matafiyin, wadda ake kira tramol. Ba don annashuwa yawancinsu suka fara ta ba. Mai haƙar rami, da ɗan dako, da ɗan kabu-kabun da zai kwana bisa babur, kowannensu cewa aka yi masa tana kashe gajiya. Tana kashewa kuwa, na ɗan lokaci. Daga nan sai ta zama ita ce ubangidan, shi ne bara.

Asalinta maganin ciwo ce, dangin ofiyom. Likita kan ba da miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a tebur da bakin tasha takan zo da 120 ko 225 a ƙwaya guda, ga kuma mai haɗiye huɗu ko biyar da shayi kafin hantsi. A watan Satumba na 2017 an kama sama da ƙwaya miliyan 3 a cikin Nijar, a mota guda, an zuba su cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Indiya, inda aka fi yo ta, ta ƙara tsaurara doka a kanta a 2018, sai masu fatauci suka koma ga wasu ƙwayoyin masu kama da ita. Wanda ya yawaita ta yakan faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, wanda ya bar ta kwatsam kuma jikinsa ya hana shi sakat.

Yanzu labari yana yawo a wayoyi cewa akwai wani itace a Gabon wanda saiwarsa ke raba mutum da ƙwaya cikin dare ɗaya. Uban da ɗansa ya dawo daga Libiya ba shi da kai, idan ya ji wannan, dole zuciyarsa ta motsa. Zai je gaban malami ya durƙusa ya ce: Allah gafarta Malam, an ce maganin shi ma yana juya hankali, ya halatta in nema wa yaron nan? Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, domin mai yin ta ba shaƙiyyi ba ne, mutum ne da wuta ta kama gidansa.

Sunan itacen iboga. Ɗan ƙaramin itace ne na kurmi, yana fitowa a Gabon da kudancin Kamaru da Kongo. Ƙarfinsa yana cikin ɓawon saiwa. Mafarautan can kan tauna kaɗan don su hana kansu barci, mabiya addinin gargajiya da ake kira Bwiti kuma kan ci da yawa a daren shigar da mutum cikin addinin. A 1901 masana a Faransa suka tace sinadarin da ke cikinsa suka sa masa suna ibogen. A 1962 wani saurayi ɗan shekara 19 a birnin New York, mai suna Howard Lotsof, wanda hiroyin ta riga ta kama, ya sha shi don neman wani sabon maye. Bayan ya farfaɗo sai ya lura jikinsa bai nemi hiroyin ba, kuma azabar da ya saba ji idan ya rasa ta ba ta zo ba. Ya ƙare rayuwarsa yana kira a binciki abin, har ya mutu a 2010. Wani abin lura, a wannan shekara ta 1962 ce aka fara haɗa tramol a ƙasar Jamus. Amurka ta sa ibogen cikin haramtattun ƙwayoyi a 1970, amma ana ba da shi a wasu gidajen jinya a Meziko da wasu ƙasashe, kuma a 2025 jihar Texas ta ware dala miliyan 50 don a gwada shi gwaji na ilimi. Ƙananan bincike guda biyu, ɗaya a Meziko a kan mutum 30, ɗaya a New Zealand a kan mutum 14, sun ga cewa yana sauƙaƙa azabar rabuwa da ƙwaya, kuma wasu sun daɗe ba su koma ba. Ke nan ba tatsuniya ba ce. Amma mutum 30 da 14 ba su isa a gina fatawa ko asibiti a kansu ba.

Abin da zai fara zuwa zuciyar ɗalibi shi ne hadisin da Imam Muslim ya fitar, cewa sahabi Ɗariƙu ɗan Suwaidu (R.A) ya tambayi Annabi (S.A.W) game da giya, ya ce don magani yake yin ta, sai Annabi ya sanar da shi cewa ita cuta ce, ba magani ba. A kan haka malaman Malikiyya suka tsananta: ba a magani da giya, iyakar abin da suka yi rangwame shi ne wanda loma ta shaƙe shi zai mutu kuma babu wani ruwa kusa. Da a ce duk abin da ya taɓa hankali giya ne, da magana ta ƙare nan.

Sai dai magabata ba su yi wa abin kuɗin goro ba. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 684 bayan hijira, ya raba masu taɓa hankali gida uku a littafinsa Al-Furuƙ. Akwai muskir, wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi da jin ƙarfi da son fitina, kamar giya. Akwai mufsid, wanda ke rikita hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, gaɓɓai kuma suna ji. Akwai murƙid, wanda ke kwantar da mutum ya ɗauke masa ji da gani gaba ɗaya. Na farko shi ne najasa, shi ne ake wa haddi, shi ne kaɗan ɗinsa da mai yawansa duk haramun. Na biyu da na uku ba najasa ba ne, babu haddi a kansu sai ladabtarwa ga wanda ya yi wasa da su, kuma abin da aka hana shi ne gwargwadon da zai gusar da hankali ba da wata larura ba. Daga wannan ƙofa ce malamai suka halatta a sa wa mutum abin barci idan za a yanke masa gaɓar da ta ruɓe, kuma a kanta ne yau Musulmi ke shiga ɗakin tiyata ba tare da kowa ya ce ya sha giya ba. Rabon bai hana saɓani ba: Ƙarafi ya sa wiwi cikin mufsid, Shehu Abdullahi Al-Manufi, malamin Shehu Khalil mai Mukhtasar, ya ce muskir ce, ya kafa hujja da yadda masu shan ta ke sayar da dukiyarsu saboda ita.

Wannan hujja ta Manufi tana da kaifi, kuma idan aka ɗora ta a kan abubuwan nan biyu sai a ga abin mamaki. Tramol, wadda ta shigo da rigar magani, ita ce ake sayar da babur da akuyar uwa saboda ita. Ibogen kuwa, wanda aka fi jin tsoron sunansa, babu daɗi a cikinsa: amai ne, da jiri, da kasa tsayuwa da ƙafa, da kwana guda ko fiye mutum na kwance yana ganin abubuwa idonsa a rufe. Da wuya ka sami mai marmarin maimaita shi. Siffarsa ta fi kusa da mufsid. Yanke hukunci na ma'abota fatawa ne, amma ƙa'idar da za su bi a bayyane take: a sami larura ta gaske, a rasa abin da ya fi shi sauƙi, likita amintacce masani ya ce amfaninsa ya rinjayi cutarsa, a tsaya kuma iyakar buƙata. Allah ne Mafi sani.

A sharaɗi na uku ne maganar take yin nauyi. Ibogen yana taɓa zuciya. Yana tsawaita ɗan lokacin da take ɗauka tana shiri tsakanin bugu da bugu, idan ya yi tsawo da yawa sai bugun ya rikice, mutum ya tafi nan take. Wani nazari da aka buga a 2012 ya tattara mutuwar mutum 19 tsakanin 1990 da 2008, duk cikin kwana uku da 'yan sa'o'i bayan shan sa, da yawansu suna da ciwon zuciya ko na hanta da ma, ko akwai wata ƙwaya a jininsu. A binciken New Zealand ɗin nan ma an rasa mutum guda ana cikin jinya. Faransa ta haramta iboga a 2007 bayan wani saurayi ya mutu a wajen wani zaman shan sa. Da masana na jami'ar Stanford suka bi tsofaffin sojoji 30 da suka sha shi a Meziko, a rahoton da suka fitar a 2024, an haɗa musu shi da sinadarin magniziyam don kare zuciya, ga na'ura tana kallon bugunta. Ga mai shan tramol kuma akwai ƙarin haɗari: hanya ɗaya ce a cikin hanta take narkar da tramol da ibogen, kuma tramol da ma tana jawo farfaɗiya. To wanda zai ba yaro garin saiwa a cikin ɗaki a Barmu, babu awon zuciya, babu gwajin jini, babu mai farfaɗo da shi idan ta tsaya, ba larura ya bi ba, caca ya yi da ran da Allah Ya ba shi amana.

Mutane suna da wata magana mai daɗin ji: ai itace ne, Allah ne Ya fitar da shi, ba kamar ƙwayar Turawa ba. Zaƙami ma itace ne, kuma ba banza aka sa masa suna haukata-yaro ba. Hiroyin daga furen wani tsiro aka samo asalinta, kuma a 1898 a matsayin maganin tari aka fara sayar da ita. Iboga ɗin kansa, daga 1939 har cikin shekarun 1960, an sayar da shi a kantunan magani na Faransa da sunan Lambarène, kuma maganin me? Maganin gajiya, wato alkawarin da tramol ke yi wa ɗan dako a yau. Akwai ma wani labari da ya kamata mai wannan magana ya ji. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun sami tramol a cikin saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta murna cewa ashe ƙwayar ma daji ke haifar ta. Shekara guda bayan haka wasu masanan daga Jamus suka nuna cewa manoman wajen ne ke shan ta, suna kuma ɗura wa shanun huɗa don su jure aiki, sai ta fita ta fitsari ta shiga ƙasa, saiwa ta tsotse. Abin da ɗan Adam ya zuba ne itacen ya mayar masa.

Iboga ba ya fitowa a dutse da faƙon Adar. Saboda haka abin da zai iso kasuwar Tawa da sunansa, in ya iso, gari ne a leda wanda ba mai sanin abin da ke ciki ko yawansa, ko kuma wani mai magani ya ce ai ga irinsa nan gida, ya jiƙa 'ya'yan zaƙami. Wannan shi ne haɗarin da ya fi kusa.

Akwai gefen da ya fi shafar ma'abota tafarki. Waɗanda suka sha ibogen suna ba da labarin cewa sun ga rayuwarsu tana wucewa a gabansu, sun ga ƙuruciyarsu, sun ga hawayen da suka sa uwayensu, wasu suka yi kuka suka ce sun farka. Masu tallar sa a Turai da Amurka suna kiran wannan buɗi, suna cewa tafiyar shekaru ce a dare guda. Murid zai ji kalmomin sun yi kama da nasa, kuma nan ne zamewa take da sauƙi. Tarihi ya riga ya gwada wannan. Maƙrizi ya kawo labarin da ake bayarwa cewa wani shehi a Khurasan mai suna Haidar, a ƙarni na 7 na hijira, shi ya nuna wa almajiransa ganyen wiwi, suka riƙe shi a matsayin abin da ke kawo hali, kuma abin da ya biyo baya zubar da mutuncin masu sa tsumma ne a idon duniya, har malaman sufaye na gaskiya suka yi ta nisanta kansu da su. Gahawa ma ta hannun sufayen Yaman ta bazu a ƙarni na 9, suna shan ta don su raya dare da zikiri, aka yi gardama a kanta har aka hana ta a Makka a 1511, daga baya al'umma ta karɓe ta. Dukansu tsiro ne, dukansu ta ƙofar zawiya aka ce sun shigo. Ɗaya tana tsayar da hankali a kan aikinsa, ɗaya tana sallamar sa. Imam Junaidu (R.A) da waɗanda suka bi hanyarsa sun fifita farkawa a kan maye ko da mayen na hali ne da ya zo daga zikiri, balle wanda aka saya da awo. Abin da saiwa ke nuna wa mutum daga rumbun ƙwaƙwalwarsa take ɗebo shi, ta nuna wa mumini, ta nuna wa wanda bai yarda da Allah ba, gwargwadon nauyin jikinsa da yawan abin da ya haɗiya. Fatahi kuwa kyauta ce, ba a auna ta da cokali.

Wannan ba ya nufin kukan da mutumin ya yi ƙarya ne. Allah Yana farkar da bawa da abin da Ya so: wani da zazzaɓi, wani da haɗarin mota, wani da mafarki. Amma tuba aiki ne na mai hankali. Sharuɗɗanta nadama ne, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙin mutane, kuma Shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Ke nan abin da ya gani cikin dare, komai girmansa, bai zama tuba ba tukuna. Tubar tana farawa da safe, lokacin da ya san sunansa, ya san nawa ake bin sa, ya san a wane lungu mai tebur yake zaune, ya zaɓi ya bi ta wani lungun.

Game da Bwiti kuwa, mutanen Adar ba sa buƙatar dogon bayani, domin sun san girka. Sun san yadda ake kai mara lafiya wurin 'yan bori, a yi masa kwanaki, ya tashi da sauƙi amma da alkawari a wuyansa ga wanda ba Allah ba. Mai shiga Bwiti yana cin saiwar ne don ya sadu da kakanni, kuma wasu masu ba da ita ga baƙi suna haɗawa da wannan hidimar. Musulmi ba shi da hanya a nan ko da waraka tabbas ce. Sinadarin da aka tace, aka auna, aka bayar a asibiti, hukuncinsa dabam, kamar yadda ba a tambayar addinin waɗanda suka fara gano maganin zazzaɓin da aka fitar daga tazargade.

A ɗauka ma komai ya tafi daidai, yaro ya tashi jikinsa ba ya neman ƙwaya. Masu ba da maganin da kansu suna cewa dama ce ta makonni ko watanni, ba yankewa ba ce har abada. Kuma a cikin wannan damar akwai tarko: jikin da ya huta ya manta da yawan da ya saba, idan ya koma ya sha adadinsa na da, yana iya zama ajalinsa. A hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai tsaya nan ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Nana A'isha (R.A) kuma ta bayyana cewa da hana giya ne farkon abin da ya sauka da mutane sun ƙi, sai da aka gina zukata da ambaton Aljanna da wuta. Ranar da aka kwarara giya a titunan Madina rana ɗaya ce, amma shekaru ne suka haife ta. Yaron da zai koma fadarsu ta da, da abokan shayinsa na da, da ramin da ba a iya haƙa sai da ƙwaya, saiwar Gabon ba ta canza masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

A nan akwai waɗanda ba a cika ambata ba idan ana wa'azin ƙwaya. Mai babur da ya yanka wa yaro kuɗin da zai kawo kullum, wanda ya san ba a samun su sai an kwana a hanya. Mai gona ko mai rami da ke zuba ta cikin shayin ma'aikata. Gidan da ke auna darajar ɗa da abin da ya aiko daga Abijan, ba a tambayar yadda ya same shi. Wasu daga cikin waɗannan suna sahun gaba a masallaci, da tasbaha a hannu. Nafsu ammara ba a jikin mai shan kaɗai take ba.

Abin da ke hannun mutane a yau ya fi iboga araha, ya kuma fi shi wuya. Mari da bulala an gwada su: a Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, kuma babu wanda zai kalli abin da aka gani a can ya kira shi tarbiyya. Bukhari ya kawo labarin sahabin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (S.A.W) ya hana, ya shaida masa da son Allah da Manzonsa. An tsayar masa da hukunci, ba a kore shi daga majalisi ba. Ta fuskar likitanci kuma, ba a yanke tramol rana ɗaya ga wanda ya daɗe a kanta. Rage ta ake yi sannu-sannu a ƙarƙashin kulawar likita, kuma tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa metadon da bufrenofin cikin jerin magunguna na dole don masu fama da dangin ofiyom, har Senegal ta buɗe cibiyar wannan aiki a Dakar a ƙarshen 2014. Iyaye su san cewa kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi tsanani: gumi, ciwon gaɓɓai, zawo, rashin barci, firgita, wani lokaci har da ganin abin da babu. A ƙauye sau da yawa a nan ake cewa iskoki ne, a ɗauke shi a nufi wani wuri. A yi masa addu'a da tofi, wannan alheri ne, amma idan ya faɗi yana shure-shure a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa komai a baki, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha da yawansa ba tare da jin kunya ba. Bayan mako guda jiki yakan lafa. Watannin da ke biye su ne na 'yan'uwa: wanda zai biya masa da asuba su tafi masallaci, wanda zai zauna kusa da shi a wazifa ko da hannunsa na rawa, da wanda zai ba shi aikin da ake iya gamawa da ƙarfin tuwo kaɗai.